Idan Baba ya ce ba ya son na'urar numfashi

'Yar uwa, sannu da jinya, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce likita ya tambaya ko za a sa masa na'urar numfashi idan ciwon huhunsa na COPD ya sake tashi, shi ya ce ba ya so, yayyenki kuma suna ganin amincewa da hakan sallama shi ne.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe a ɗakin masu ciwon ƙirji, kuma yawancin rigimar da nake gani daga cuɗa abubuwa take tasowa. Oksijin daban. BiPAP, abin nan da ake ɗaurawa a hanci da baki yana tura iska, shi ma daban: mutum na farke, ana cire masa ya sha ruwa, ya yi magana da 'ya'yansa. Bututun da ake zurawa ta maƙogwaro a haɗa da na'urar numfashi kuwa sai an sa mutum barci da magani, ba bakin magana, kuma wanda huhunsa ya riga ya lalace raba shi da na'urar kan yi wuya. Sai danna ƙirji idan zuciya ta tsaya, wanda a tsoho har haƙarƙari yakan karye. Dattijai da yawa sun ƙi bututu a gabana amma suka karɓi BiPAP hannu bibbiyu. Wani tsohon direba abin da ya roƙa kawai shi ne a bar masa bakinsa don kalmar shahada.

Saboda haka ku tambayi Baba kan waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya, ranar da numfashinsa ya lafa, a gaban yayyen naki. Bayan wasu watanni ku sake tambaya, don ra'ayi na canzawa. Na ga wanda ya ƙi, da aka sa ranar auren autarsa ya ce a yi masa komai.

Ta fuskar addini, kwamitin fatawa na Saudiyya tun 1409 bayan hijira ya halatta barin farfaɗo da majinyaci idan ƙwararrun likitoci uku amintattu sun tabbatar ba zai amfane shi ba. Ku kai wa malaminku bayanin likita yadda yake.

Ƙin bututu kuma bai hana kulawa. Za a ci gaba da maganin shaƙa, da oksijin gwargwado (ga mai COPD akan nemi awon oksijin na jini ya tsaya kashi 88 zuwa 92 cikin ɗari ne, kada ku riƙa murɗa shi da kanku), har 'yar fanka a fuska tana rage haki. Abin da ya zaɓa, likita ya rubuta a fayil ɗinsa, ku ma ku riƙe kwafi, don na dutin dare bai san Baba ba.