Kantar Corian: kafin ka faɗi farashi, ƙirga falle

Wani kafinta daga Kano ya aiko da tambaya. Mai shagon fura da yogot yana son a yi masa doguwar kanta, irin wadda masu saye ke zama a gabanta kan dogayen kujeru, tsawonta mita 4, kuma ya ce lallai da Corian yake so. Kafintan bai taɓa aiki da shi ba. Ya karɓi aikin? In ya karɓa, yaya zai yanka kuɗi?

Malam, ka karɓa, amma kada ka faɗi farashi a tsaye a bakin shago.

Corian sunan wani falle ne mai kama da dutse na kamfanin DuPont na Amurka, wanda ya ƙirƙiro shi a 1967. Akwai irinsa daga Koriya ta Kudu, kamar HI-MACS da Staron, kuma a kasuwa duk Corian ake ce musu. Kusan kashi ɗaya cikin uku roba ce ta akirilik, sauran garin ma'adini ne da ake samu daga bauxite, dutsen da ake fitar da alminiyum daga cikinsa. Ba ya shan ruwa, shi ya sa zoɓo ko kunun aya ba ya ratsa shi, in ya karce kuma samfefa ta gyara. Mai shagon ya yi zaɓi mai kyau. Sai dai ka tambayi dilan ko akirilik ne zalla, domin akwai mai araha da ake haɗawa da foliyesta, ya fi saurin tsagewa.

Inda kuɗinka zai zube shi ne wajen awo. Falle guda mai kaurin milimita 12 tsawonsa kusan mita 3.66 ne, faɗinsa santimita 76. Mutuminka yana son mita 4. Saboda santimita 34 kacal sai ka sayi falle na biyu, ka kuma yi haɗi, ragowar ta zauna maka a shago da uwar kuɗinka a ciki. Koma wurinsa da tef, ka nuna masa a ƙasa inda mita 3.6 ta tsaya. Idan ya yarda, kuma faɗin ya tsaya a santimita 60, falle ɗaya ya ishe ka, siririn da ya rage ka yanka shi ka ƙara kaurin baki. Idan ya dage kan mita 4, to falle biyu zai biya, kuma ya ji hakan daga bakinka tun yau.

Daga nan ka jera sauran: gam na musamman mai launin fallen, wanda gam ɗin katako ba ya maye gurbinsa, da bindigar matsa shi, bakin rawuta (injin yanka da gyaran gefe) mai ƙarfen kabayid, samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, silikon, filawud na ƙasa, man janareto, kuɗin mota. Gogewa ita ce ke cin kwana, kuma in launin mai duhu ne ka ƙara ladan aiki, don baƙi yana nuna kowane karce. Tunda kayan daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala, don haka rubuta a takarda cewa farashinka na mako guda ne. Kafin alƙalami kuwa ya rufe kuɗin kaya gaba ɗaya. Fallen da aka yanka ba ya komawa hannun dila.

Akwai abin da nake roƙonka kada ka yi wa rowa. Kanta irin wannan tsayinta wajen santimita 105 ne, kuma samanta yakan zarce gaba da santimita 25 zuwa 30 don gwiwar mai zama. Falle mai kaurin milimita 12 ba ya ɗaukar fiye da kusan santimita 15 ba tare da tokara ba. Ka tuna samari za su jingina gwiwar hannu, wani ma ya ɗora yaro a kai. Sa filawud da ƙarafen tokara a ƙasa, ka saka su cikin lissafi. Kada ka ɗaure fallen da sukuru kai tsaye, ɗiga silikon, ka bar tazarar milimita 3 tsakaninsa da bango, domin yana buɗewa idan ya ji zafi, kuma ka san watan Afrilu a Kano. Bango ma ba kasafai yake miƙe ba, sai ka fara fitar da fasalin wurin da siraran filawud kafin rawuta ta taɓa fallen.

Tunda wannan ne karonka na farko, nemi wanda ya ƙware ka biya shi kwana biyu ya yi haɗin da gyaran bakin kantar, kai kana tsaye kana kallo. Ribarka za ta ragu, amma falle ɗaya da ya lalace ya fi ladansa tsada nesa ba kusa ba. Ka roƙi dila guntaye ka gwada gam da gogewa a kansu tukuna.

Ranar miƙa aiki, ka gaya wa mai shago kada a sauke tukunya mai zafi a kai, kuma kada a yi yanka ba katako. Ka bar masa guntu ɗaya na fallen ya ajiye, don in gyara ya taso launin da za a samu a kasuwa ba lallai ya zo daidai ba.