Hayaƙi a tayar jirgi: me ya sa 'yan kwana-kwana ba su watsa ruwa ba?

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Wata huɗu ke nan da na fara aikin sauke kaya a filin jirgin sama. Shekaranjiya da rana tsaka wani jirgi ya sauka, yana tsayawa sai ga hayaƙi na tashi daga tayoyin hagu, ga ƙauri kamar na roba. Wani babba a cikinmu ya ce in ruga in ɗebo ruwa. Kafin in dawo 'yan kwana-kwana sun iso, suka kore mu, suka kafa fanka suka tsaya suna kallo. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Anya wannan ba sakaci ba ne, ga mai danƙare a fiffike?

Amsa: Ƙanena, ka gode wa Allah da suka riga ka isowa. Abin da suka yi shi ne aikin. Wanda ya aike ka ɗebo ruwa kuwa, ko shekara talatin ya yi a filin, ya kusa jefa ka cikin halaka.

Hayaƙi ba lallai ne ya zama wuta ba. Birkin babban jirgi yakan kai digiri 300 zuwa 400 a ma'aunin Celsius bayan sauka ta yau da kullum, balle da nauyi, a zafin bazara, a gajeren titi. Sau da yawa giris ne da aka cika lokacin sauya taya yake ƙonewa. Wanda ke tayar mana da hankali shi ne birkin da ya riƙe bai saki ba, ko yoyon man haidurolik, wato man da ke matse birkin. Man nan yana tafiya da matsin da ya kai psi 3,000 (psi ma'aunin matsi ne, irin wanda ake auna iskar taya da shi), in bututu ya tsage feshi yake yi, feshin kuma in ya sauka kan birki mai zafi sai wuta.

To, maganar ruwa. Na san inda aka samo ta. Kowa ya taɓa ganin yaron mota yana kwara wa birkin tirela ruwa a ƙarshen gangare, tururi ya tashi, a ci gaba da tafiya. Sai mutum ya shigo filin jirgi da wannan ilimin a kansa, har yana koya wa na baya. Na gaji da jin ta, wallahi. Tayar jirgi tana ɗauke da iska wajen psi 200, kusan ninki shida na tayar ƙaramar mota, kuma zafin birkin ya ƙara matse ta. Wilin da ke riƙe da ita ƙarfe ne da ya ɗau zafi ya buɗa. Ka kwara masa ruwan sanyi a gefe guda, wannan gefen ya tsuke nan take, sauran na nan a buɗe, sai ya tsage. Ka taɓa zuba ruwan sanyi a kofin gilashin da aka juye tafasasshen shayi? Haka ne, sai dai a nan ɓaraguzan ƙarfe ne za su fito kamar harsashi, kuma ta gefe suke fita, daidai inda mai bokiti yake tsayawa. Bokitinka ba zai sanyaya birki ba ma, don birkin yana can cikin wili. Tsoffin wilin da ke da ƙarfen maganiziyam kuma, in sun kama, ruwa ƙara musu ƙarfi yake.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne lokaci. Jirgi ya tsaya, injin ya mutu, kowa ya saki jiki. Alhali zafin yana ratsowa ne sannu a hankali daga birki zuwa wili da taya, sai bayan minti 15 zuwa 30 yake kai ƙololuwa, lokacin da ku kuke kai da komo da akwatuna. Shi ya sa aka dasa wasu 'yan ƙananan toshe a jikin wili, masu narkewa in zafi ya yi yawa, iska ta fice taya ta kwanta maimakon ta fashe. In ka ji tsiiii daga taya mai zafi, ba lalacewa ba ce, toshen ne ya yi aikinsa. Ka ja da baya kawai. Kafin ma a amince da sabon samfurin jirgi, sai an cika shi da nauyi, da birkin da ya cinye, a taka birkin gaba ɗaya a tsakiyar gudun tashi, birki ya yi jajawur, sannan ya tsaya minti 5 ba wanda ya taɓa shi. Saboda haka fanka da haƙuri sun isa. In harshen wuta ya bayyana, 'yan kwana-kwana za su kashe ta da hoda ko lallausan feshin ruwa, daga nesa, ta gaba ko ta bayan taya.

Kada kuma ka ɗauka ina raina wutar taya. Ranar 11 ga Yuli 1991 jirgin DC-8 da Nigeria Airways ta ɗauko haya ya tashi daga Jidda da alhazai zuwa Sakkwato. Tayoyi biyu ba su da isasshiyar iska, makaniki ya nemi naitirojin, iskar da ake hura tayar jirgi da ita, bai samu ba, aka ƙi yarda da jinkiri. Tayoyi suka fashe a kan titi, wuta ta kama, aka naɗe ƙafafun cikin cikin jirgi da wutar. Mutum 261 ne, ba wanda ya fita. Allah ya jiƙan su. Har yau in wani mai riƙe da takarda ya tsaya a kaina yana nuna mini agogo don na ce a jira birki ya huce, su nake tunawa, kuma ba na sa hannu.

In ka sake ganin hayaƙi, sanar da injiniya ko matuƙi nan take, ka hana tankar mai ta matso, ka janye abokan aikinka daga gefen taya. In an sa weji, wato abin da ake tokare taya da shi, matuƙi yakan saki birkin ajiya don ya fi saurin hucewa, saboda haka kada ka cire wejin sai an ce ka cire. Shi kuma babban naku, ka same shi a keɓe cikin girmamawa ka karanta masa wannan.