Shin gwamnati za ta ci gado a gidan Babanmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Mahaifinmu ya haura shekara 75, yana da gida mai satifiket a Gyaɗi-Gyaɗi, mu tara ne 'ya'yansa, ga mata biyu. Ana ta cewa sabuwar dokar haraji za ta sa gwamnati ta yanki kasonta a gado. Wani dillali ya ba shi shawarar ya mayar da gidan sunan babban yayanmu tun yana raye. Wallahi Baba ya daina barci. Yaya za mu yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ki je ki kwantar wa Baba da hankali. Dokokin harajin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, masu fara aiki daga Janairun 2026, ba su kawo harajin gado ba. An taɓa yin irinsa a ƙasar nan a 1979, aka soke shi a 1996. Idan gidan yana kawo kuɗin haya, wannan kuɗin shiga ne, ana biyan haraji a kansa, kuma da ma haka abin yake tun can.

Abin da ke kan gidan shi ne kuɗin ƙasa na shekara-shekara da mai satifiket ke biyan gwamnatin jiha, sai harajin gini da tsarin mulki ya ba ƙaramar hukuma.

Shawarar dillalin nan ce ta dame ni, domin kusan kullum sai an shigo ofishina da irinta. Mutumin da bai taɓa buɗe dokar ba, sai dai ya saurari saƙon murya a WhatsApp, shi ne zai zauna a dakali yana raba wa dattawa fatawa! Kwanan baya aka kawo mini wata takarda da aka yago daga littafin makaranta, an naɗe ta a leda, da dangwalen tsoho a ƙasa, wai kyautar gida ce ga babban ɗa. Tsohon ya rasu, yau 'yan uba ba sa ga maciji.

Duba abin da zai faru. A mazhabar Malikiyya da kotunan Shari'a na Kano ke bi, kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓi abin a hannunsa kafin mai bayarwa ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali. In Baba ya ci gaba da zama a gidan har Allah ya yi masa cikawa, alƙali na iya cewa babu kyauta, gida ya koma gado, a yi ta shari'a. In kuwa kyautar ta tabbata, to gida ya zama na Yaya shi kaɗai. Amanar da kuka ƙulla ta fatar baki ce. Ranar da Yaya ya riga ku tafiya, matansa da 'ya'yansa da iyayensa da ke raye ne magada, ke da sauran 'yan gida ku zama 'yan zaman alfarma. Kuma ai Annabi (SAW) ya ƙi yin shaida lokacin da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya ware shi da kyauta ban da sauran 'ya'yansa.

Ga kuma doka. Sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya ce ba a mayar da mallakar fili mai satifiket ga wani sai da amincewar gwamna, kuma wannan da kuɗinsa, ga kuɗin hatimi, ga na rajista. Kenan za ku biya kuɗi na gaske don gudun harajin da babu shi.

Abin da ya kamata Baba ya yi da sauran ƙarfinsa daban ne. Ku ɗauki satifiket ɗin ku raka shi KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta jihar Kano, da kansa, a duba ko an sabunta shi, a fitar da lissafin kuɗin ƙasar da ya taru. Dattawa da yawa sun shekara ashirin ba su biya ba, ba su ma san ana binsu ba. Wannan bashi ne, kuma bashi ana fitar da shi kafin rabon gado, sannan rashin biyan saɓa sharaɗin satifiket ne, abin da sashe na 28 ya ba gwamna damar soke mallaka a kai. Ku biya ta banki a asusun gwamnati, kada ku damƙa wa ɗan-tsakiya ko sisi. Rasitan ku yi musu kwafi, kowane ɗaki na gidan ya riƙe nasa.