Hotunan da muka tarar a adakar Baba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Allah Ya yi wa mahaifinmu rasuwa a azumin da ya wuce. Da aka zo rabon gado aka buɗe tsohuwar adakarsa, sai ga hotuna sun fi ɗari a cikin wani gwangwanin biskit. Akwai na lokacin da yake aikin reluwe, akwai na bikinsu da mahaifiyarmu, akwai na mutanen da duk cikinmu babu wanda ya san su. Wasu sun manne da juna, wasu gara ta ci gefensu, masu kalar kuma sun koma jaja-jaja. Yayanmu ya ce a ƙone, wai ajiye hoton mamaci babu kyau. Ƙanwata ta ce a kai a yi musu laminatin. Ni dai na ɗauke gwangwanin na ɓoye a ɗakina. Yaya zan yi?
Wata mai karatu daga Funtuwa

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba ku haƙurin rashi. Kin kyauta da kika ɗauke gwangwanin nan.

Kafin ki yi tunanin gara ko laminatin, akwai aikin da ya fi su gaggawa. Wa ya rage a cikin sa'o'in Baba? Gwaggonki, ko baffanki, ko wani abokin aikinsa na reluwe? Ki ɗauki hotunan nan ki je wurinsu a wannan makon. Takardar da ta yi shekara hamsin a adaka za ta iya jiran wata guda, amma tsohuwar da ta san fuskokin da ke ciki, ke ma kin san ba mu da tabbas a kanta.

Abin ya taɓa cina, shi ya sa nake matsa miki. A cikin kayan mahaifiyata akwai hoton wata budurwa, baƙi da fari, tana tsaye jikin wani labule mai zanen furanni, ta dafa kujerar ƙarfe da hannu ɗaya, lalle ya kama mata har wuyan hannu, ɗaurin ɗankwalinta ya karkata gefe. Hancinta sak irin na Innata. Sau nawa ina ganin hoton nan tun ina yarinya, kullum ina cewa wata rana zan tambaya. Inna ta rasu ban tambaya ba. Na kewaya da shi dangi kaf, wannan ta ce ƙanwar Inna ce da ta rasu wurin haihuwar fari, waccan ta ce a'a, ƙawarta ce ta makarantar allo. Har yau yana wurina, kuma ban san sunan da zan ambata in na tashi yi mata addu'a ba.

In kin je wurin Gwaggo kada ki zube mata su gaba ɗaya. Ki bari ta natsu bayan la'asar, ki kunna rikodin a wayarki, ki riƙa miƙa mata ɗaya bayan ɗaya. Ki tambaye ta wane ne wannan, ɗan wa ne, a ina aka ɗauka, bikin wa ake yi. In ta kauce ta shiga wani labarin, ki ƙyale ta, sau da yawa a nan ne za ki ji abin da ba ki taɓa sani ba game da mahaifinki. Sunayen kuwa ki rubuta su a bayan hoton da fensir, a hankali, kada ki danna. Biro yana huda takarda, tawadarsa kuma tana ɓullowa ta gaba ko ta shafi hoton da ke ƙasa.

Ki kuma duba bayan kowanne da kyau. Masu ɗaukar hoto na da kan buga hatimin shagonsu, wani lokaci har da adireshi. Funtuwa ta kasance cikin Jihar Arewa ta Tsakiya daga 1967, aka mayar da sunan Jihar Kaduna a 1976, sannan aka fitar da Jihar Katsina a 1987. Kin ga sunan jihar da ke jikin hatimi kaɗai zai taƙaita miki shekarun. Haka in kin ga motoci na bin hannun hagu a titi, to kafin Afirilun 1972 ne, lokacin da Najeriya ta koma tuƙin hannun dama. In an rubuta kuɗin wankin hoton da sule ko fam, mai yiwuwa kafin zuwan naira ne a farkon 1973.

Batun laminatin, ki ba ƙanwarki haƙuri, kada a yi. Injin da zafi yake aiki, ledar kuma tana kama fuskar hoton kamun da ba a ɓarewa. Hoto ɗaya tak muke da shi na kakata, wanda ta ɗauka na fasfo da za ta tafi Makka. Ni da hannuna na kai shi wani shago aka yi masa, ina ganin gata na yi masa. Ba a yi shekara biyar ba iska ta shiga ta gefe, ledar ta kumbura, rabin fuskarta ya dusashe. Salatif da gam ma ki nisanta su da hotunan.

Waɗanda suka manne, kada ki ja su da ƙarfi, fuskar ɗaya za ta ɓare ta bi bayan ɗayan. Ki ware su gefe har ki samu tsohon mai wankin hoto da ya san aikin. Masu kalar da suka yi ja, rinin da ke jikinsu ne yake mutuwa, zafi da haske suna ƙara masa sauri, kuma babu abin da zai dawo da shi a kan takardar. Su za ki fara kwafa. In da hali a sa su a sikana, in babu ki shimfiɗa su a inuwa da hantsi, ki kashe filashin waya ki ɗauka daga sama tsaye. In za ki tura wa dangi ta WhatsApp, ki tura a matsayin fayil, domin turawar da aka saba tana rage ingancin hoto. Manhajojin nan masu gyara tsohon hoto kuwa ki yi hattara da su, na ga sun sauya wa wani dattijo ido da baki har 'ya'yansa suka ce ba shi ba ne. Bayan haka ki jera na asalin da farar takarda tsakanin kowane biyu, ki sa a kwali mai murfi, a ɗora a saman kabad nesa da bangon da ke tsatsafo da damina.

Saura Yaya. Kada ki yi masa gardama a gaban jama'a, tsoron Allah ne ya sa shi faɗin haka, kuma shi ma yana cikin zafin rashi. Malamai sun yi saɓani a kan hoton kyamara, da yawansu kuma sun bambanta tsakanin rataye hoto a bango don girmamawa da adana shi a rufe. Ku je tare wurin malamin da shi kansa ya yarda da shi, ki faɗa masa ba ratayewa za ki yi ba. Ki kuma tuna masa cikin ladabi cewa hotunan na magada ne duka, har da mahaifiyarku in tana raye, ita ce ma ta fi kowa haƙƙin a ji ta bakinta a kan hoton bikinta. Ranar da za ki je gidan Gwaggo, ki roƙe shi ya kai ki a mota, ya shigo ku gaisa da ita tare.