Mata sun daina ba mu lambar waya: jahilci ne ko tsarin ne da gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni ungozoma ce a wata cibiyar lafiya da ke bayan garin Garwa, a arewacin Kamaru. Wata ƙungiya ta kawo mana tsarin aika saƙon waya ga masu juna biyu da masu karɓar maganin ƙanjamau, domin a riƙa tuna musu ranar awo da ranar karɓar magani. Da farko mata sun yi ta ba mu lambobinsu, amma yanzu wasu na cewa ba su da waya alhali ga ta a hannunsu, biyu daga cikin masu karɓar magani ma sun ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Masu aikin sun ce jahilci ne, suka umarce ni in tara mata goma su halarci taro su sa hannu cewa sun amince da tsarin. Hankalina bai kwanta ba. Shin wannan shi ne shigar da marasa lafiya cikin tsara aiki da ake ta faɗa? Me zan yi kafin in rasa wasu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya saka miki da alheri da kika ƙi yin shiru. Abin da aka umarce ki da shi neman tambari ne a kan aikin da aka riga aka kammala, kuma sa hannun mata goma ba zai dawo da waɗancan biyun ba. Su ne abin gaggawa. Ki tura wanda suka amince da shi, ma'aikacin lafiya na unguwa ko ke da kanki, a same su a keɓe, ba ta waya ba, domin kin fi kowa sanin abin da katse maganin ke jawowa: ƙwayar cutar ta sake yawa a jini, maganin ya daina kama ta, idan kuma akwai ciki ko shayarwa jariri ya shiga haɗari.

Akwai wani kuskure da nake cin karo da shi kusan a duk teburin da ake zana irin waɗannan tsare-tsare, kuma ina kyautata zaton shi ne ya kore miki mata. Masu zanen suna ɗauka cewa lambar waya ita ce mutum, wato duk saƙon da aka tura wa lambar da aka rubuta a gaban sunan mace, idonta kaɗai zai gani. Wannan zato ya dace da rayuwar injiniyan da ya rubuta manhajar, wanda wayarsa ke aljihunsa dare da rana da lambar sirri a kanta. A gidajenmu na arewacin Kamaru lamarin daban yake. Sau da yawa lambar da mace ta bayar ta maigida ce, wayar kuwa ta bi shi kasuwar Pitowa ko ta kwana a aljihunsa yana haya da babur. Idan ma wayar tata ce, layin yana iya kasancewa da sunan wani aka yi masa rajista, tunda sai da katin shaidar ɗan ƙasa ake yi, mata da yawa kuma ba su da shi. Idan aka ɗauke wuta, yaro ake bai wa wayar ya kai shagon mai caji ta wuni a can cikin wayoyin mutanen unguwa, allonta na haskawa duk lokacin da saƙo ya shigo.

Sannan ga maganar karatu, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Saƙon yana zuwa da Faransanci. Matar da ta sauke Alƙur'ani, take magana da Hausa da Fulatanci, wataƙila har da Larabcin Shuwa, ita ce ake rubutawa a rahoto cewa jahila ce, alhali abin da ba ta iya ba shi ne karanta Faransanci da boko. To me za ta yi da saƙon? Za ta miƙa wa ɗanta ɗan firamare, ko ɗan kishiyarta, ko maƙwabci, ta ce a karanta mata. Yaron ya ɗaga murya a tsakar gida ya karanta sunan sashen asibitin da ranar karɓar magani. Sirrin da ta shekara tana ɓoyewa a ƙasan akwati, ta cire wa kwalbar maganin takarda don kada a gane, ya tonu a cikin daƙiƙa guda. Abin da ke biyo baya kin san shi: zargi, duka, saki, ko a daina cin abincin da ta dafa. Haka yake ga mai tsarin tazarar haihuwa ba da sanin dangin miji ba, da mai tarin fuka, da yarinyar da ba ta sanar da cikinta ba tukuna. Har layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani kan sayar wa wani, saƙon asibiti kuma ya ci gaba da sauka a hannun baƙo. Matar da ta ce miki ba ta da waya alhali tana riƙe da ita ta auna haɗarin da masu aikin ba su auna ba, ta kuma zaɓi mutuncinta. Wanda ya kira wannan jahilci bai taɓa zama a tsakar gidanta ba.

Abin takaicin shi ne da an tambayi mata biyar kafin a rubuta layi ɗaya na manhajar, da sun faɗi duk wannan, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma ba sabon ilimi ba ne. A Gana, shirin MOTECH da aka fara a 2010 ya bai wa masu juna biyu zaɓi tsakanin rubutu da saƙon murya cikin harshensu, mafi rinjaye suka zaɓi murya. A Afirka ta Kudu, MomConnect, shirin aika saƙo ga masu juna biyu da aka ƙaddamar a 2014, yana aiki a kan ƙaramar waya, ya kuma buɗe wa mata hanyar aika tambaya da ƙorafi a kan asibitin da suke zuwa. A Yuganda kuwa gwaje-gwajen lafiya ta waya sun yi yawa ba tare da tsari ba har gwamnati ta dakatar da sababbi a 2012. Mu ma an yi mana Tsarin Ƙasa na Lafiya ta Fasahar Zamani na 2020 zuwa 2024, muna tura alƙaluma ta manhajar tattara bayanan lafiya ta DHIS2 kowane wata, amma yawancin abin da aka gina don bukatar ofis da mai ba da kuɗi aka gina shi. Majinyaci sai a tuna da shi ranar taron rufewa, a raba lemo da kuɗin mota, a ɗauki hoto.

Shigar da marasa lafiya na gaskiya yana da alama guda da ba ta ɓuya: wani abu a cikin tsarin ya canza saboda maganarsu. Don haka ki karɓi taron, amma ki sauya masa fasali. Kada a haɗa masu karɓar maganin ƙanjamau da sauran mata a zaure ɗaya, domin gayyatar kanta tonon asiri ce. A gan su ɗaya bayan ɗaya, ko ta ƙungiyoyin masu ɗauke da cutar da suka saba da juna. Kada a taƙaita ga matan da suka yi boko ko matan masu unguwa, waɗanda kullum su ake kira. A nemo wadda ba ta da waya, da wadda ke tahowa daga ƙauye a ƙafa, da wadda ta daina zuwa. A yi magana da harshen da suke ciniki da shi, mace ce za ta jagoranta, kuma shugaban cibiya ya fita, saboda ba mai kushe abu a gaban wanda gobe zai duba ta. Kada a tambaye su ko tsarin ya yi kyau, kunya za ta sa kowa ta ce ya yi. A tura saƙon a gabanki, ki ga wa za ta miƙa wa wayar. A tambaye ta wayar wa ce, a ina take kwana, wane lokaci take hannunta, wace kalma ce idan ta fito za ta jawo mata fitina. Daga nan za ki ji mafita daga bakinsu: wata za ta ce a kira ta da murya bayan azahar lokacin da maigida ba ya nan, wata ta ce saƙon ya zama gaisuwa kawai ba sunan asibiti, wata ta ce a bar ta da ranar da aka rubuta mata a karne, wato littafinta na asibiti. Wannan ta ƙarshen ma amsa ce, dole tsarin ya karɓe ta ba tare da an rage mata komai na kulawa ba.

Kwamitin lafiya na yankinku, wato COSA, an kafa shi ne domin jama'a su sami bakin magana a harkar cibiya, ki kai maganar gabansa ba tare da ambaton sunan kowa ba, ki kuma rubuta wa shugaban gundumar lafiya. Ki tuna wa masu aikin cewa tun Disamba 2024 Kamaru tana da dokar kare bayanan mutane, bayanin lafiya kuma yana cikin waɗanda aka fi tsananta wa. Yardar da aka karɓa a kan takardar da mace ba ta iya karantawa ba, a layin awo, tana tsoron kada a ƙi duba ta, ba yarda ba ce.

Ku kuma 'yan'uwana masu zana waɗannan tsare-tsare, ku ji tsoron Allah a kan sirrin bayinsa. Amana ce matar nan ta ba ungozoma a ɗaki a rufe, ku kuka ɗauke ta kuka aika cikin wayar da ba ku san hannun da za ta faɗa ba. Malama, kafin a yi wannan zama da matan, ki nemi a dakatar da duk saƙon da ke zuwa ga masu karɓar magani, ki kuma sake tambayar kowace mace a keɓe ko tana so a ci gaba da riƙe lambarta ko a goge.