Tambayi Likitan Dabbobi: yawun kare ba ya warkar da ciwo

Tambaya daga Zariya: Likita, waya ta yanke karen gadinmu a cinya, an yi masa ɗinki. Da mun kau da kai sai ya hau lasa. Ya za mu yi?

Malam, ka hana shi tun yau. Lasa tana jiƙa rauni ta hana shi kamewa, kuma daga lasa sai cizo, kafin gari ya waye ya tsinke zaren. Asibitin dabbobi na da abin wuya na roba mai siffar mazurari. Idan babu kusa, ka sami ƙaramin bokitin roba, ka huda gindinsa daidai girman kan karen, ka naɗe wurin da tsumma don kada ya yanke shi, ka ɗaure a jikin abin wuyansa. Bakin bokitin ya ɗan wuce hancinsa, kuma yatsunka biyu su iya shiga tsakanin wuyansa da ɗaurin. Zai yi ta karo da bango yana kuka, yara za su zo roƙo a cire masa. Kada ka cire, musamman da dare, sai an warware ɗinkin, galibi bayan kwana 10 zuwa 14. Ka ga kumburi, wari ko mugunya, ko ya ƙi abinci? Mayar da shi asibiti ranar.

Tambaya daga Maraɗi: Ba sai in sa masa takunkumi kawai ba?

A'a. Kare da haki yake rage zafin jikinsa. Ka ɗaure masa baki a zafin bazara, sai ka tarar da gawa.

Tambaya daga wani mafarauci a Bauchi: Mu baƙin mai muke shafawa, ko mu ɗiga fiya-fiya saboda ƙuda. Daina lasa yake yi.

Haba Malam! Man da aka juye daga inji, shi za ka zuba a cikin nama? Fiya-fiya kuwa guba ce, tana shiga ta fata, kuma kare zai lashe ta kafin ya ji ɗacinta. Sai dalala, makyarkyata, farfaɗiya. Ruwa mai tsabta da ɗan gishiri ya isa wanki. Idan tsutsa ta shiga, aikin likita ne.

Tambaya daga wata uwa a Kano: Likita, ɗana yana da gyambo a ƙafa. Surukata ta ce a bar karen maƙwabta ya lasa, wai ai da yawunsa yake warkar da nasa. An riga an yi sau ɗaya.

Hajiya, wannan tambaya ce ta fi tayar mini da hankali. Ki kai yaron asibiti yau, kada ki jira gobe, ki faɗa musu ƙarara cewa kare ya lashi buɗaɗɗen ciwo. Kafin ku fita, ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15.

Na san inda maganar ta samo tushe. Ana ganin kare ya lashi ƙaramin ƙwarzane ya warke, sai a ce yawun ne. Jikinsa ne ya warkar, da lasar da babu. Bakin da ke yawo a bola da mushe cike yake da ƙwayoyin cuta masu sa ciwo ya ruɓe, wasu ma su shiga jini. Amma babban tsorona cutar haukan kare. A cikin yawu take, kuma ba sai an yi cizo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa lasa a kan fata mai rauni cikin rukuni mafi haɗari, tare da cizo mai fitar da jini. Cutar tana kashe kusan mutum 59,000 a shekara, yawanci a Afirka da Asiya, kuma da yawansu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Tana iya yin wata biyu ko uku shiru, yaro na wasansa. Ranar da alamu suka bayyana, ya fara tsoron ruwa ya kasa haɗiya, babu abin da likita zai iya yi. Allurar rigakafi tana aiki ne kafin alamun su bayyana.

Kada a ce karen lafiyarsa lau, yana iya yaɗa cutar kwanaki kafin a gane. A tsare shi ana lura da shi kwana 10, a tambayi mai shi takardar rigakafinsa, amma kada a jinkirta allurar yaro ana jiran wannan. Ƙona gashin kare a barbaɗa, ko a kashe shi a ci hantarsa, duk ba ya hana komai. Ki lallaɓa Inna cikin ladabi, in ya yiwu ku tafi asibitin tare ta ji daga bakin likita. Shi kansa gyambon a duba shi, don ciwon da ya ƙi warkewa a ƙafar yaro wani lokaci alamar sikila ce.

Tambaya daga Jos: Zan iya ba karena maganin ciwon jikina don ya daina damun raunin?

Kada ka kuskura. Ibuprofen na lalata wa kare ciki da ƙoda, farasitamol kuwa ƙwaya ɗaya na iya kashe kyanwa. Ka je likita ya auna nauyinsa ya ba shi nasa.