Zara tauraruwa ce ko duniya?

Tambaya: Malam, kullum bayan magariba ina ganin Zara tana haske a yamma, amma da tsakar dare sai in neme ta in rasa. Ina take zuwa? Daga wani ɗalibi a Garwa.

Amsa: Ɗana, a ilmin falaki Zara duniya ce irin tamu, hasken rana take maidowa. Tana kewaya rana cikin kwana 225, kuma ta fi mu kusa da rana, shi ya sa a ganinmu ba ta nisa da rana a sararin sama fiye da digiri 47. Rana ta faɗi, ita ma ba ta daɗewa. Gamzakin asuba ma ita ce.

Ka auna da kanka: miƙe hannu ka dunƙule, faɗin dunƙulen kusan digiri 10 ne. Idan dunƙule uku ne tsakanin Zara da inda sama ta haɗu da ƙasa, saura wajen awa biyu ta faɗi.

Taurari na ƙyalƙyali, ita kuwa haskenta a tsaye yake. Lokacin hunturu ƙura kan dusashe ta idan ta yi ƙasa. Daren da ruwa ya wanke sama ya fi. Kada ka taɓa duban rana da madubin hangen nesa, yana makantarwa.